Hattara da mai tallar kayan kwamfuta "rarar kamfani" a tsakanin Hausawan Jidda da Makka

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Jidda, Makka, Madina da Riyad, musamman matasa masu haɗa kwamfutar wasa da ɗalibai masu aikin zane da tace bidiyo.

Akwai wani mutum da ke shiga zaurukan WhatsApp da Telegram na Hausawan Saudiyya yana tallar kayan kwamfuta masu tsada a kan kuɗin da hankali ba zai ɗauka ba. Ba zan kama suna ba, domin sunan yana sauyawa, lambar waya ma haka, kuma ba na so in jefa wani bawan Allah mai irin sunan cikin bala'i. Salon nasa ne ba ya sauyawa, shi zan faɗa muku.

Hausa yake yi tsantsa, da saƙon murya, cikin ladabi. Babba ya kira shi Alhaji, yaro ya ce masa ƙanena. Cewa yake yi yana aiki a siton wani kamfani a bayan gari, kayan kuma rara ne ko waɗanda kwalinsu ya lotse aka mayar. Da ka tambayi fatura, wato rasit ɗin shago, sai ya ce: "Ɗan uwa, ai shi ya sa ya yi araha, babu haraji a kai." Harajin kaya a ƙasar nan kashi 15 cikin ɗari ne tun watan Yulin 2020. To ko an cire shi gaba ɗaya, ba ya mayar da kayan riyal dubu shida ya koma dubu uku. Wannan lissafin kaɗai ya isa mutum ya tsaya.

Da maus yake fara jawo mutane, domin kuɗinsa kaɗan ne, kowa zai iya gwadawa. Wanda ya fi tallatawa shi ne Logitech G Pro X Superlight, a kan riyal 180. Na biyunsa, Superlight 2, da ya fito a 2023, dala 159 kamfanin ya sa masa. Riyal kuwa a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 kowace dala ɗaya, wato kusan riyal 600 ke nan. Na riƙe ɗaya daga cikin waɗanda ya sayar wa wani ƙanen abokina a Hindawiyya. Kwalin ya yi kyau ƙwarai, har da leda da tambari. Abin da ke ciki ne ya tona asiri.

Superlight na asali bai kai giram 63 ba, Superlight 2 kuma giram 60 ne. Ku ɗora naku a kan ƙaramin sikelin kicin, zai gaya muku gaskiya kafin kowa. Na asali ba shi da fitilun ado masu canza launi, ba shi da maɓallin sauya DPI (ma'aunin saurin tafiyar kibiyar maus a allo) a samansa, kuma ba ya aiki da Bluetooth sam, sai da ɗan abin da ake sokawa a ramin USB. Wannan da na riƙe yana walƙiya ja da kore, mai tallar ma har yana alfahari a saƙonsa cewa "yana kama Bluetooth". Superlight na farko da Micro-USB ake cajinsa, Superlight 2 da USB-C. In kwali ya ce ɗaya, ramin caji ya nuna ɗayan, an gama magana. Sannan a sauke manhajar G HUB daga shafin Logitech a soka maus ɗin. Na gaske za ta nuna sunansa, ta ba ka damar sauya saitinsa. Jabu galibi ba ta ma san da zamansa ba. Haka Razer Synapse take ga kayan Razer, kuma haka za a yi wa maus ɗin Logitech G304 da G102, waɗanda jabunsu ya cika kasuwa.

Amma abin da ya fi cin mutane shi ne lamba. Matashi ya ga an rubuta DPI 25,600 a kwali, sai ransa ya biya. Rubutun kwali ba ya kashe wa maƙerin jabu ko halala. Kuma ko a maus na gaske, yawancin ƙwararrun 'yan wasan harbi a kan 400 ko 800 ko 1,600 suke wasa, babu mai taɓa dubu ashirin ɗin. Abin da ake biyan kuɗi dominsa shi ne sensar da ke ƙarƙashi da kuma saurin aika bayani. Maus mai 1,000Hz yana gaya wa kwamfuta inda yake sau dubu a daƙiƙa ɗaya. Na ofis mai arha sau 125 kawai, kuma irin cikinsa ake zubawa a ƙoƙon jabu. Akwai shafukan intanet na kyauta da ke auna wannan, ka juya maus ɗin da sauri ka ga lambar da idonka. Gwaji na biyu ma ya fi sauƙi: shiga wasa ka fizgi maus ɗin da ƙarfi gefe guda. Sensa mai rauni sai ta rikice, ka ga ɗan wasanka yana kallon sama ko ƙasa.

Ni a ganina wanda riyal 150 ko 200 ne a aljihunsa bai ma kamata ya nemi Superlight ba. Akwai ƙananan kamfanonin Sin da ke sayar da maus da sunansu na gaskiya, da sensar PixArt PAW3395 a ciki, kuma suna aiki lafiya lau. Ya je shago ya ɗora hannunsa a kai, ya ji ko girman ya dace da tafinsa da yadda yake riƙo, ko da tafi duka ko da kan yatsu. Maus ɗin da bai zauna maka a hannu ba, tambarin da ke bayansa ba zai gyara maka saiti ba.

Maus dai ƙofa ce. Wasu ma na ji ya ba su na gaske da gangan a cinikin farko, don su shiga zaure su yi masa shaida. Bayan an yaba shi sai ya fito da babban tarkon: katin hoto (wanda ke sarrafa hotunan wasa da bidiyo a kwamfuta) na RTX 4090 a kan riyal 3,500, "guda biyu suka rage". Kamfanin Nvidia ya fito da wannan kati a watan Oktoban 2022 a kan dala 1,599, kusan riyal 6,000 kafin haraji, da memori gigabait 24. RTX 5090 da ya biyo baya a Janairun 2025 dala 1,999 ne. Sai ya ce a tura rabin kuɗi kafin alƙalami don ya ajiye maka, in ba haka ba akwai wani Balarabe da ke jira.

Daga nan hanya biyu ce. Ko dai ya toshe ka da zarar kuɗin sun shiga, ko ya aiko ɗan aike da kwali a rufe, a karɓi cikon kuɗin a bakin titi. Ta biyun ta fi ciwo, kuma tana da tarihi. A ƙarshen 2023 Amurka ta hana kai RTX 4090 ƙasar Sin, saboda ana amfani da ƙwaƙwalwarsa a ayyukan ƙirƙirarriyar basira. Sai wasu masana'antu a can suka shiga sayen katunan wasa suna ciccire ƙwaƙwalwar, wadda ake kira AD102, tare da memorin, suna dasa su a wasu alluna. Gangar jikin da ta rage, da fankokinta da ƙarfen sanyayarta da kwalinta, ita ce ta bazu a kasuwar kayan hannu a duniya, masu gyara a ƙasashe da dama sun sha buɗe irinta su tarar da wurin ƙwaƙwalwa fayau. A hannu ba za ka gane ba, domin kusan duk nauyin katin na ƙarfen sanyaya ne. In ka ce a gwada, amsarsa a shirye take: katin yana cin wat 450, akwatin wutar kwamfutarsa ba zai ɗauka ba. Cin wutar gaskiya ne, Nvidia da kanta wat 850 ta ba da shawara ga kwamfutar gaba ɗaya. Amma shagunan haɗa kwamfuta a Jidda da kasuwar kwamfuta ta Olaya a Riyad suna da injin gwaji, kuɗi kaɗan za ka biya. Mai kaya na gaskiya ba ya gudun a haɗu a can.

Ga masu ƙaramin ƙarfi kuma yana da wani. Tsohon kati ne irin GTS 450 na shekarar 2010, a sauya masa bayanin ciki ya riƙa nuna kansa a matsayin GTX 1050 Ti. Windows za ta karanta sunan ƙarya ta nuna maka, wasa mai nauyi kuwa yana farawa zai tsaya cak. Manhajar GPU-Z, mai nuna bayanan katin hoto, tun 2018 take sa wa irin waɗannan alamar jabu a gaban suna. Sai dai a kula: hoton GPU-Z da ya turo maka a waya ba hujja ba ne, na wani katin ne ya ɗauko. Kai za ka buɗe ta, a kan katin da za ka biya, ka duba lambar jikin kati ta yi daidai da ta kwali, ka bar manhajar gwajin kati ta FurMark ko wasa mai nauyi ya yi rabin awa kana kallon zafin. Katunan da suka sha haƙar kuɗin kirifto ma suna nan jibge tun da Ethereum ta daina haƙa da katin hoto a Satumban 2022. Ba laifi ba ne a sayar da su, laifin a ce maka sababbi ne.

Na SSD, wato faifan ajiyar bayanai, ba sai na ja ba. Ya taɓa sa hoton "Samsung 1080 Pro" mai terabait 4. Samsung tana da 980 Pro da 990 Pro, ba ta yi 1080 Pro ba. Manhajar H2testw tana cika faifan da bayanai ta sake karantawa, nan za ka ga ainihin abin da yake ɗauka.

Inda abin ya fi ba ni haushi shi ne yadda yake farautar baƙin Allah. Yaro yana Kano ko Zinder ya ga tallar, ya haɗa shi da kawunsa da ya zo Umara, ya ce: "Kawu, don Allah ka karɓo mini saƙo a wajen wani ɗan uwanmu." Dattijo bai san katin hoto ba, bai san maus ba, ya dai ji Hausa a waya ya saki jiki. Mutumin zai yi ta ɗaga alƙawari, yau yana Shara Mansur, gobe motarsa ta lalace, sai ranar tashi ya aiko da kwali masauki, jakunkuna a ɗaure, mota tana jiran tafiya filin jirgi. Ba za a buɗe ba sai a gida. Cinikin biri a sama ke nan, kuma dattijon ne ke kwana da kunya a gaban ɗan ƙaninsa. In za ku aiki alhaji, ku aike shi babban shago irin Jarir ko eXtra, ku rubuta masa sunan kayan dalla-dalla, ya karɓo fatura. In ba su da shi, a haƙura.

Ya kuma san cewa cikinmu akwai waɗanda iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta ƙare ko ba su da ita, ba za su doshi ofishin 'yan sanda ba ko an cinye musu nawa. Su ya fi sakin jiki da su. Wanda yake cikin wannan hali kada ya tura wa kowa kuɗin kayan da bai gani ba, ya nemi ɗan uwa mai cikakkun takardu su je shago tare.

Fatura ba ado ba ce a ƙasar nan. Tun 4 ga Disamban 2021 hukumar zakka da haraji da kwastan ta wajabta fatura ta na'ura, wadda ake ba mai saye tana ɗauke da lambar QR da za ka iya dubawa da waya ka ga sunan shagon da lambar harajinsa. Da ita kake neman garantin shekara biyu da ake bayarwa a kan kayan lantarki. Dokar cinikin intanet ta 2019 kuma ta ba ka kwana 7 ka mayar da kayan da ba ka yi amfani da su ba, ta ba ka damar fasa ciniki in an wuce kwana 15 ba a kawo ba. Duk wannan a kan shago mai rajista yake aiki. Mai lambar waya da hoton kwali kawai, babu inda za ka kama shi.

Ku lura da sunan da ke fitowa a manhajar banki kafin ku tura kuɗi. A wajen wannan mutumin bai taɓa zama sunan da ya ba ku ba, kullum "asusun abokin aikina ne". Kuma an fara jin yana neman matasanmu su ara masa asusunsu, kuɗi su shiga su cire masa a ba su riyal ɗari ko ɗari biyu. Ƙannena, kada wanda ya yarda. Ranar da aka kai ƙara, sunanka da lambar iƙamarka ne a jikin asusun, kai za a fara kira. Dokar yaƙi da zambar kuɗi ta 2021 ta tanadi ɗauri har shekara 7 da tara har riyal miliyan 5, kuma mai taimakawa ma ba ta bar shi ba.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya kira bankinsa nan take a lambar da ke bayan katinsa ya sanar da su zamba ce, kada ya tsaya jiran "gobe insha Allah". Kada ya goge hirar. Ya adana saƙonnin murya, hoton tallar, lambar asusunsa (IBAN) da rasit ɗin tura kuɗin. Ya shigar da ƙara ta manhajar 'yan sanda ta Kollona Amn ko a ofishin 'yan sanda mafi kusa. In saƙon tes ne aka yi amfani da shi, a tura shi zuwa 330330. In kuma shago ne mai rajista ya sayar maka da jabu, wannan aikin ma'aikatar kasuwanci ne, a kira 1900 ko a yi amfani da manhajar Balagh Tijari, da fatura a hannu.

Masu kula da zaurukanmu kuma, don Allah duk mai tallar kaya ku nemi ya nuna rajistar kasuwancinsa ko ya faɗi shagon da za a same shi. Waɗanda suka yi wa mutumin nan shaida bayan cinikin maus, su koma su janye maganarsu a fili, domin da muryoyinsu yake shiga sabon zaure.