RAV4 ta 2006 zuwa 2008: mota mai juriya, inji mai shan baƙin mai

Kullum abin da dillalai ke faɗa a kan wannan motar shi ne "zuba fetur ka yi tafiyarka". Na yi amfani da ita, kuma gaskiya rabin maganar ce kawai. Mai injin 2.4 ɗin nan, wanda ake kira 2AZ-FE, ba fetur kaɗai take nema ba, har da baƙin mai, kuma wannan ne abin da ya fi ɓata mini rai a kanta.

Matsalar a cikin fistin take. Akwai ƙananan ramuka a bayan zoben da ke share mai daga bangon silinda, ta nan man ke komawa ƙasa. Idan dauɗa ta toshe su, zoben ya maƙale, sai man ya riƙa haurawa sama yana ƙonewa tare da fetur. Ba ɗigo a ƙasa, sau da yawa ba ma hayaƙin da za ka gani a salansa, shi ya sa mai saye ba ya ganewa a filin sayar da motoci. Kamfanin Toyota da kansa ya amince da matsalar a Amurka, kuma ma'aunin da ya sa shi ne idan inji ya cinye kusan lita ɗaya a mil 1,200, wato wajen kilomita 1,900, to sai an canza fistin da zobba. Garantin da ya ƙara na shekara 10 ne ko mil 150,000, ya daɗe da ƙarewa a kan duk wadda ke shigo mana yanzu.

Yi lissafin da kanka. Injin yana ɗaukar lita 4.3 har da filta. Wanda ke ci a wancan ma'aunin zai rasa kusan lita biyu da rabi kafin kilomita 5,000, fiye da rabin man ke nan. Ga kuma agogon 'yar Amurka da mil yake ƙirgawa, don haka wanda ya jira 5,000 a kan agogo ya yi kilomita 8,000 bai sani ba. Jar fitilar mai kuwa ba ta kunnawa don mai ya ragu, sai ƙarfin turinsa ya faɗi, lokacin ɓarna ta riga ta fara. Duk injin RAV4 da aka ce "haka kawai ya buga", ka fara tambaya yaushe rabon da a zaro geji.

Abin yi shi ne duba geji duk sati, da safe kafin a tayar, motar na tsaye a wuri mai daidai. Ka ajiye lita ɗaya a but. Wajen saye kuma ka sa bakanike ya kwance filogi huɗun, in kan su ya yi baƙi da danƙo ko farar toka ta taru a kai, ka rage kuɗin gyaran inji daga farashi ko ka haƙura. Ban yarda da shawarar zuba 20W-50 don "ya toshe" ba. Yana ɓoye cin na ɗan lokaci, amma injin da aka ƙera don mai mai tsinkewa ne, kuma mai kauri yana jinkirin isa sama idan an tayar. A zafinmu 5W-30 mai kyau ya wadatar. Man da ke ƙonewa ɗin nan kuma shi ke toshe matatar hayaƙi da makanikai ke kira indomi, sai mota ta yi nauyi, fetur ya ƙaru, wani ya ce a fasa a cire.

In aka ajiye wannan gefe, ina yaba mata sosai. Sarƙa ce ke juya taimin, babu zancen canza bel. Giyarta mai hawa huɗu tsohuwar fasaha ce amma ba ta da laulayi, muddin man giya na Toyota mai suna WS ake zuba mata ba duk jan man da aka samu ba. Tsayinta daga ƙasa yana taimakawa a unguwannin da damina ta cinye hanya, kayan gyaranta kuma ko a Ƙofar Ruwa ko a Panteka ba ka wahalar nema.

Fetur dai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama abin dubawa. Tankinta lita 60 ne. A takarda tana yin kusan kilomita 9 a lita cikin gari, 11 da ɗoriya a doguwar hanya. Da sanyi a kunne cikin cunkoson Kano, 7 zuwa 8 nake gani. Kano zuwa Kaduna lita ashirin da 'yan kai. Wadda aka cire wa tamostat aka jona fanka kai tsaye ta fi haka ci, don injin ba ya kai zafin da ya kamata, kwamfutar sai ta ci gaba da ƙara masa fetur.

Da na so in ce cin baƙin mai ne kaɗai matsalarta, amma akwai ƙarar "ƙwas-ƙwas" a sitiyari idan ana juyawa a hankali, daga sandar tsakiya take fitowa, mutane su yi ta canza kayan ƙafa a banza. Famfon ruwa yana yoyo, alamarsa busasshen ruwan hoda a gefen inji. Sandar saitin ƙafar baya ma Toyota ya kira motocin domin gyara ta a 2012, domin in ba a ɗaure notocinta da kyau bayan saiti ba, zaren yana cinyewa har ta rabu. Ka tsaya a kan mai saitin har ya ɗaure.

Ta 2009 zuwa 2012 mai injin 2.5 ta fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, kuma abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake canza wa ta 2008 fitilu da bamba a sayar da ita da sunan 2010. In 'yar Amurka ce, duba harafi na goma a lambar shasi: 6, 7 ko 8 tsohon inji ne, 9 shi ne 2009, A kuma 2010. Sannan ka leƙa filtar mai, ta 2.4 gwangwani ce da ake murɗewa gaba ɗaya, ta 2.5 takarda ce a cikin gida. In gwangwani ka gani, kada ka biya kuɗin 2010.