Na kai gwanjo wajen tela, ga abin da ya dawo min da shi

Ranar da aka fasa dila a Kasuwar Barci, rigunan sanyi na je saya wa yara, amma na dawo da kayan da ba mai iya sawa a gidan: wata ƙatuwar kwat ta ulu wadda maigidana ma zai ɓace a cikinta, wandunan jins biyu da gwiwarsu ta koɗe, sai doguwar riga mai roba-roba da launinta ya ruɗe ni. Ƙanwata ce ta ce kada in yi asara, akwai wani tela a nan Tudun Wada da ya ƙware wajen farke gwanjo ya sake shi.

Sai da na jiƙa su kwana guda, na wanke sau biyu, na shanya a rana, don warin gwanjo ba ya fita da wanki ɗaya.

Telan dattijo ne, kekensa na ƙafa ne, Butterfly. Ya juya kwat ɗin ciki waje, ya murza ta da yatsu, ya ce, “Hajiya, ai wannan yadi kika sayo.” Da ya ja doguwar rigar ya ga tana miƙewa, sai ya girgiza kai: “Wannan kam kekena ba ya shiri da ita.” Na nace, ya karɓa.

Kwat ɗin ce ta biya ni. Jaket biyu ya fitar wa yaran, bai yar da shafin ciki ba, ya mayar da maɓallan asali, har aljihun ciki ya bar wa babban, wanda yanzu nan yake ɓoye kuɗin tara. Kafaɗa ta zauna daram, ba inda ɗinki ya tattare. Da asubar hunturu in za su Islamiyya, ba na ƙara yi musu faɗan sa riga a kan riga. Wandunan kuma ya yanke inda ya koɗe, ya haɗa su siket da ƙyallen atamfa a gefe. Ya yi kyau, sai dai nauyi, ba na zafin watan Afrilu ba ne.

Doguwar rigar ta lalace, ɗinkin ya yi ta tattarewa kamar bakin jaka. Laifina ne, ya faɗa min.

Inda na ga gazawarsa shi ne alƙawari. Mako ɗaya ya ce, sai da na yi sawu uku cikin mako uku. Kuɗin aikin ma ya ɗara na ɗinkin sabon yadi, wai farkewa da reza ta fi ɗinkin cin lokaci. Da na zauna na ga yadda yaronsa ke bin zare ɗaya-ɗaya, ban ƙara neman ragi ba.

Zan koma, amma da manyan kaya na auduga ko ulu. Na riga na ware rigunan maza uku masu faɗi, za a yi wa auta riguna kafin Sallah, kuma tun kafin azumi zan kai.