Na'urar Sauraren Ƙara Mai Kunnuwa Shida: Yadda Ta Kaya a Bayan Tsohuwar Marsandi

Ƙarar bayan mota ta fi ta gaba wuyar kamawa. A gaba sai ka ɗaga bonet ka kasa kunne injin yana aiki. Ta baya kuwa ba ta fitowa sai mota tana tafiya, nauyinta yana kan tayoyi, kai kana can gaba riƙe da sitiyari, but ɗin zuba kaya kuma yana amsa amon kamar ganga, ya watsa shi ko'ina. Abin da ya sa na sayi wannan na'ura ke nan: ɗan akwati mai maɓallin zaɓen lamba ɗaya zuwa shida, da abin sauraro na kunne, da dogayen wayoyi shida, kowace da kalarta, a bakin kowace akwai matsi irin na cajin batir da ƙaramin makirfo a ciki. Ka maƙala su a wurare shida a ƙarƙashin mota, wani ya tuƙa, kai ka riƙa juya maɓalli kana saurare.

Motar da na gwada ta a kai Mercedes-Benz 240D ce, ƙirar W123 da aka fara sayarwa a 1976. Sai an san yadda bayanta yake kafin a san inda za a sa kunnuwan. Kowace tayar baya tana da hannunta daban, da sifirin mai naɗi, shakazoba kuma tana tsaye a cikin sifirin ɗin. Aksul, wato akwatin giyar da ke raba ƙarfin injin ga tayoyin baya, ba ya hawa da sauka tare da tayoyi, a ɗaure yake a jikin ƙaramin shasi, shaf biyu ne ke fitowa daga gare shi, kowane da joyin a kai da gindi. Ƙaramin shasin yana rataye da manyan robobi biyu a gaba, ta baya kuma robar aksul ce ke riƙe da shi. Ga birkin hannu, wanda 'yan takalmansa ke ɓoye cikin faifan birki. Wuraren da ƙara za ta iya fitowa sun fi goma, kuma duk ƙarfe ya haɗa su.

Ƙara iri biyu ke damuna. Akwai gurnani da ke farawa idan gudu ya doshi kilomita 60 a awa, yana ƙara kauri da ƙaruwar gudu. Akwai kuma wani ƙwal-ƙwal a kan gargada.

A kan gurnanin na'urar ta biya kuɗinta. Abu uku ne ke yawan yin irin wannan kuka a baya: taya, boris ɗin taya, ko aksul. Kowanne da halinsa. Kukan taya yana canzawa da canjin titi, ya yi kauri a kan kwalta mai kaushi, ya lafa a kan mai santsi, kuma idan ka shafa tayar da hannu sau da yawa za ka ji ta ci tudu da kwari, alamar shakazoba ta daina riƙe ta a ƙasa. Kukan aksul yana bin totur: ka taka ya tashi, ka ɗaga ƙafa ya sauya murya ko ya ɓace. Boris ba ruwansa da totur, ba ruwansa da giya, gudu kawai yake bi, sai dai yakan sauya idan ka karkata motar, don nauyi ya koma gefe guda. Nawa ya nuna halin boris, amma na wane gefe? Daga cikin mota kowa ya rantse hagu ne, har makanikin da ya zauna a kujerar baya.

Na sa kunne ɗaya a kan hannun tayar hagu dab da gidan boris, ɗaya a daidai wannan wuri a dama, biyu a jikin aksul, ɗaya kusa da boris ɗin tsakiyar farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyin injin ga aksul, na ƙarshe a gindin shakazoba. Da muka kama gudu, lamba ɗaya ta ba da shuuu mai laushi, kukan ƙarfe mai lafiya. Na juya zuwa lamba biyu, sai ga gurnani mai tsakuwa-tsakuwa ya cika min kunne. Dama ce. Da aka kwance, an tarar hanyar da 'ya'yan boris ɗin waje ke bi ta yi ramuka, giris ya bushe ya yi baƙi. Abin lura, wannan taya ba ta girgiza ko kaɗan idan an ɗaga mota an kama ta sama da ƙasa. Boris yakan daɗe yana kuka kafin ya fara wasa, wato girgiza.

Sanin gefen ba ƙaramin abu ba ne a wannan mota, don canjin boris ɗin bayanta ba aikin share fage ba ne. Boris biyu ne masu tsini suna fuskantar juna, a tsakaninsu akwai wani zobe da ke lotsewa yayin da ake ɗaure noti, ana ɗaurewa ana aunawa har wasan da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Idan aka zarce, ba a sassautawa a gyara, sai an sake sabon zobe. Wanda ya buɗe gefen da ba shi ba ya yi asarar kaya, ya taɓa abin da ke zaune lafiya, gurnani kuma yana nan.

Sirrin na'urar kwatantawa ne. Kunne ɗaya shi kaɗai ba ya gaya maka komai, domin kowane ƙarfe a ƙarƙashin mota mai tafiya kuka yake yi, kuma makirfo yana kumbura shi har lafiyayyen aksul ya ba ka tsoro. Sai ka sa biyu a wuri iri ɗaya, hagu da dama, sannan bambanci ke fitowa. A nan na ga aibinta na farko: kunnuwan ba su da ƙarfin ji ɗaya. Na maƙala su duka a jikin ƙarfe guda na ƙwanƙwasa da sifana, sai na ji koriyar wayar ta fi sauran ɗaga murya sosai. Takardar da ke cikin kwalin ba ta ce uffan a kan haka ba. Duk wanda ya saya ya fara da wannan gwaji, kuma idan ya kama wani gefe da laifi, ya musanya kunnuwan biyu ya sake fita. In ƙarar ta bi waya, wayar ce. In ta tsaya a gefenta, motar ce.

A kan ƙwal-ƙwal kuwa ba ta taɓuka abin kirki ba. Gurnani yana ɗorewa, kana da lokacin juya maɓalli ka koma ka dawo. Bugu kuwa sau ɗaya ne, kafin ka juya ya wuce, rami na gaba kuma ba girmansu ɗaya ba, balle ka kwatanta. Ga shi bugun yana ratsa ƙaramin shasi ya fito a duk lambobin shida kusan da ƙarfi ɗaya. Abin da kawai ta tabbatar min shi ne ba daga saman shakazoba yake ba, wanda a wannan mota sai an cire majinginar kujerar baya ake kai wa gare shi. Tsohuwar dabara ce ta kama ɓarawon: aka kwance 'yar sandar da ke haɗa sitabilaiza, wato ƙarfen da ke rage karkatar mota a kwana, da hannun taya, aka ɗaure bakin sitabilaizar gefe da waya, aka bi gargadar nan, shiru. Ƙwallon joyin sandar ne ya cinye. Irin wannan aiki ƙarfen banƙara da fitila da haƙuri sun fi kowace na'ura, a bi bushin hannun taya da robobin shasi da zoben robar da ke rataye salansa ɗaya bayan ɗaya. Idan bugun yana zuwa ne lokacin sa giya ko taka totur, ba a kan rami ba, to a fara duba robar aksul da faifan robar da ke bakin farfela.

Wani abu da na'urar ta sauƙaƙa min, ban ma zata ba, shi ne ƙirga bugun ƙara mai maimaituwa. Tayar wannan mota, mai inci 14, tana cin kusan mita biyu a juyi ɗaya. A gudun kilomita 36 a awa ke nan tana juyawa kamar sau biyar a daƙiƙa. Farfelar 240D kuma tana juyawa sau 3.69 kafin taya ta yi juyi ɗaya, wato wajen sau 18 a daƙiƙa a wannan gudun. Ƙas-ƙas ɗin da kake iya bi da yatsa na taya ne ko shaf ko birki. Wanda ya yi saurin da ya zama zirrr, na farfela ne. A cikin abin sauraro wannan bambanci a fili yake. Kuma mai irin wannan mota da ya ji ƙas-ƙas bayan canjin taya ya fara duba kusoshin wili: na wilin alminiyam sun fi na wilin ƙarfe tsawo, idan aka ɗaura safaya ta ƙarfe da dogayen, sukan leƙa ciki su daki kayan birkin hannu.

Ingancin kayan matsakaici ne. Matsan suna da ƙarfin cizo, ba wanda ya faɗi a hanya, amma bakinsu ba ya buɗewa ya kama hannun taya mai kauri, sai ka nemi kan noti ko gefen ƙarfe. Wayoyin sirara ne, suna harɗewa, kuma shimfiɗa su ya fi sauraron cin lokaci: a nesanta su da salansa, a nesanta su da shaf da farfela, a bar musu rarar da taya za ta hau ta sauka ba ta tsinke su ba. Wayar da aka bari tana lilo tana dukan ƙarfe za ta ƙirƙiro maka ƙarar da babu ita. Abin sauraron da ya zo da ita na ajiye shi, na sa wani mai rufe kunne ruf. A rage murya kafin a juya maɓalli, don tsakuwa ɗaya ta daki hannun taya sai ka ji ta har tsakar ka. Akwai marar waya, da ita da an huta da rabin wannan wahala, sai dai kowane kunne da batirinsa.

Aikin mutum biyu ne, direba ba ya sa abin sauraro. Masu cewa a ɗora motar a kan jak a sa giya a saurara, ban goyi bayansu ba a mota mai irin wannan baya. Tayoyi suna rataye, joyin shaf sun lanƙwashe fiye da yadda suke a hanya, suna iya yin kukan da ba nasu ba, boris kuma an sauke masa nauyi, sau da yawa sai ya yi tsit. Ban da haɗarin kwanciya kusa da taya mai juyawa.

Wanda ke gyaran tsohuwar motarsa da kansa, ko mai garejin da irin waɗannan motoci ke zuwa masa, ya saye ta, zai more ta a kan boris da aksul da boris ɗin tsakiyar farfela. Wanda ƙwal-ƙwal ɗin rami kaɗai ke damunsa ya riƙe kuɗinsa, ya sa a bi masa robobi da sandunan sitabilaiza tukuna.