Awon gwamnati ko awon igiya, wanne ya fi a sa kuɗi?

Ɗan'uwa da ya yi tambaya jiya, ya ce an kawo mishi filaye biyu nan Katsina, ɗaya awon gwamnati ne a layout, wato unguwar da hukuma ta tsara ta yanka, amma da tsada, ɗayan kuma awon igiya ne wajen hanyar Dutsinma, gona ce aka yanka, kuɗin bai kai rabin na farkon ba. To ga yadda nake ganin abin.

Fara da takarda. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar cikin birni tana hannun gwamna, shi ya sa C of O ɗin da kake ji, wato takardar shaidar riƙe fili da gwamnati ke bayarwa, haya ce ta shekara 99. Filin layout yana da lamba, yana da fayil a ma'aikatar filaye, ka je ka duba ko sunan mai sayarwa ne a ciki, magana ta ƙare, banki ma na karɓarsa jingina. Awon igiya kuwa abin da za ka riƙe takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa da shaidu, kuma yawancin gonakin nan na gado ne, sai ka biya babban wa kuɗi ka fara sauke bulo, ranar nan wata ƙanwarsu da ke aure a Funtua ta ce ita ba da saninta aka sayar ba, daga nan sai kotun musulunci. Idan za ka saya, kowane magaji ya sa hannu, mata da maza, kada dillali ya ce maka "ai an gama da su", shi la'adarsa yake jira.

Sai hanya da girma. Layout galibi ƙafa 50 da 100 ne, an fitar da layi mai faɗi, an bar wurin makaranta da masallaci. Mai gona kuwa so yake ya fitar da fuloti da yawa, sai ya matse lungun har tipar yashi ba ta iya shiga, dole a juye maka a bakin titi ka biya yara su kwaso da baro. Balle ranar da mara lafiya zai buƙaci mota a ƙofar gida. Ga kuma batun rusau, in tsarin gari ya nuna titi zai bi ta wurin, jan fenti kawai za ka tarar a katanga. Kafin ka biya ka leƙa hukumar tsara birane da zanen wurin.

Amma fa inda mutane suka fi cin wuya shi ne ruwa, kuma a nan takarda ba ta ceton kowa, na ga layout ɗin da ke cikin kwari. Ƙasarmu jigawa ce, da rani ko'ina fes, kowane fili kyakkyawa ne a watan Maris. Ka bari sai Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka je da ƙafarka. Dubi katangun maƙwabta, in ka ga ƙasan bulon ya yi duhu ko filasta tana ɓarewa daidai gwiwa, to nan ruwa ke kwana. Tambayi tsofaffin wurin ko tsohon kududdufi ne aka cike da shara, irin wannan fandisho kaɗai da ciko sai su cinye rarar da ka samu. Wanda ya tuna ambaliyar Jibiya ta 2018 ba ya raina hanyar ruwa.

Wuta da ruwan sha kusan duk ɗaya ne a sabuwar unguwa, karo-karo za ku yi na falwaya da taransifoma kafin kamfanin wuta na KEDCO ya haɗa, ruwa kuma ko bohol ko 'yan ga-ruwa. Tsaro dai ka duba, gida ɗaya tilo a bayan gari ba abin sha'awa ba ne yanzu.

Ni in kuɗin sun kai, na layout zan ɗauka ko da ginin zai jira shekara. In ba su kai ba, ɗauki awon igiyar amma wanda ke kan tudu, yana fuskantar babban layi, mutane sun riga sun tare kusa, ka kawo safiyo ya auna ya kafa duwatsu, ka zagaye shi ko da sahu uku na bulo ne, sannan ka fara bin takardar gwamnati tun kafin ka haƙa fandisho.