Ya ƙi saki, ya ƙi amsa takarda: kotun Ingila ta intanet ko kotun shari'a a Kano?

Wata 'yar'uwarmu da ke zaune a Manchesta ta tambaya: a Kano aka ɗaura mata aure, ita da mijin duk suna Ingila, shekara guda ke nan ba sa tare. Ya ce ba zai sake ta ba, kuma duk takardar da aka aiko ba zai ko duba ba. Ta shigar da buƙatar rabuwa ta intanet a can, ko ta dawo gida ta nemi khul'i, wato ta fanshi kanta daga auren?

'Yar'uwa, Allah ya kawo miki mafita. Bari in ajiye miki su kafaɗa da kafaɗa.

Abu na farko shi ne ƙarfin da ƙin nasa yake da shi. A Ingila da Wels, tun ranar 6 ga Afrilu, 2022, ba sai kin ɗora masa laifi ba. Idan auren ya shekara, ki faɗa cewa ya lalace ba gyara, kotu ta karɓi maganarki ke kaɗai. Ba shi da ikon cewa bai yarda ba, sai dai ya kawo hujjar cewa kotun ba ta da hurumi, ko auren bai inganta ba tun asali, ko an riga an raba shi. A Kano kuwa alƙali zai fara da neman sulhu, a kira waliyyai daga ɓangarorin biyu kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta nuna. In ya faskara sai a zo batun fansar kai, kamar matar Sabit ɗan Ƙais da ta mayar da gonar sadakinta. Nan ne mazaje da yawa suke kafewa, su lissafo lefe da kayan toshi don su ɗaure mace. Amma a mazhabar Malikiyya, idan kika tabbatar da cutarwa da shaidu, alƙali yana iya raba auren ba ki biya ko sisi ba.

Inda taurin kansa zai iya ɓata miki lokaci a Ingila shi ne isar da takarda, kuma nan nake so ki nutsu. Kotu za ta aika masa ta imel da gidan waya, a ba shi kwana 14 ya amsa. In ya yi gum, ba a tsaya ke nan ba. Kina iya biyan mai kai sammaci ya damƙa masa hannu da hannu, ya rubuta shaidar cewa ya ba shi. Kina iya roƙon alƙali ya ɗauka cewa takardar ta isa, muddin kina da hujja. Na ga wata ƙanwata da mijinta ya turo mata saƙo a WhatsApp cikin dare, "na ga takardarku, ku jiƙa ku sha." Ta zauna tana kuka da wayar a hannu, alhali wannan saƙon shi ne hujjar da take nema. Kar ki goge komai nasa. In ma ya ɓoye inda yake, ana iya neman izinin aika masa ta wata hanya, ko a yafe isarwar bayan kin nuna iya neman da kika yi. A Kano ma akwai sammaci, amma mutumin yana Manchesta. Masinjan kotu ba zai tsallaka teku ba, kuma ke ko wakilinki sai kun yi ta zirga-zirga.

Lokaci da kuɗi: a Ingila mako 20 ne daga ranar da kotu ta karɓi buƙatar kafin ki nemi hukuncin farko, sai mako 6 da kwana ɗaya kafin na ƙarshe. An mayar da kuɗin kotu fam 612 a Afrilun 2025, kuma akwai rangwame ga mai ƙaramin ƙarfi. Ki tanadi takardar shaidar aurenku, da fassara mai hatimi in ba da Turanci take ba. Kotun gida ta fi sauƙin kuɗi, sai dai ki lissafa jirgi da ɗage zama.

Yara su ne abin da ya fi tsaya mini a rai. A fikihun Malikiyya uwa ce ke riƙon namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, wannan ne ma yake sa wasu su ga gida ya fi. Amma kwashe yara daga Ingila ba da yardar ubansu ko izinin kotu ba laifi ne a dokar ƙasar. Don Allah kar zafin zuciya ya kai ki nan. Haka batun gida da dukiya da fansho: takardar rabuwa ba ta raba su, sai kin nemi hukunci na daban, kuma ki nema kafin ki sake aure. In bizarki a kan tasa take, ga lauyan shige da fice kafin ki danna komai.

Saura igiyar aure. Malamai sun saɓa kan ko hukuncin alƙalin da ba Musulmi ba yana warware ta, kuma na san ba za ki samu kwanciyar hankali da takardar kotu kaɗai ba. Shi ma in ya furta saki da baki a Ingila, dokar can ba ta ɗauke shi rabuwa ba. Da ni ce ke, zan fara da ta intanet, tunda can kuke zaune ku da yaran. A lokaci guda in kai maganar khul'i gaban majalisar malamai, irin wadda ke Leyton a Landan, da aka kafa a 1982, su ma suna rubuta wa miji su jira amsarsa. Ki kuma sanar da waliyyinki a Kano tun yau, ya nemi magabatan mijin su zauna.