Abin tuge ciyayi mai farce huɗu, bayan wata biyar ina aiki da shi

Ranar da aka miƙo min makullin gidan nan ban ko tsaya na kalli filin ciyawar da ke baya ba, hankalina duk yana kan rufi da famfo da wayoyin wuta, sai da muka gama jera kaya na zagaya sannan naga abin da na gada. Wajen ya daɗe ba mai kula da shi, ciyawar adon da aka shuka tun farko tana nan amma ta zama tsilli-tsilli, wani gefen ta kai gwiwa wani gefen ƙasa ce tsirara ta yi tauri kaman siminti, sauran kuma tsidau ne da nonon kurciya da fasa ƙaba da harƙiya da jiji, kowa ya kama nasa yankin. Tsidau ne ya fi tada min hankali saboda ƙayarsa, yara basa iya taka wajen ba takalmi, har tayar keken ƙaramin ta yi faci sau biyu a sati ɗaya.

Da hannu na fara, sai fartanya. Hannu yana tsinke ganyen ya bar saiwar a ƙasa, bayan kwana goma ta sake tohowa kaman ba a taɓa ta ba, ita kuma fartanya bata san na gida da baƙo ba, tana haɗawa da ciyawar da nake son na ceto. Ga ciwon baya. A haka ne na sayi wannan abin tuge ciyayi da ake aiki da shi a tsaye, kuma shi nake so na baku labari dan nasan akwai masu sabon gida irina da suke tunanin ko su saya.

Sanda ce mai tsawon kusan mita ɗaya, bata da nauyi, a ƙasanta akwai farce huɗu na ƙarfen da baya tsatsa masu ɗan haƙora, a gefe kuma akwai wajen taka ƙafa. Zaka ɗora faratan a daidai tsakiyar tsiron, ka taka su nutse, sai ka karkato sandar ta wajenka, wajen takawar ya dafe ƙasa faratan su rufe su damƙe saiwar su ɗago ta. A jikin sandar akwai wani mariƙi da kake turawa ƙasa ya tofar da abin da ta ciro cikin bokiti, ba sai ka sunkuya ba ba sai ka taɓa ƙaya ba. Shikenan aikinta.

Ranar farko na ɗan ji haushi dan ƙasa a bushe take, faratan suka ƙi shiga, inda suka shiga kuma saiwar ta karye rabi. Washegari aka kwana ana ruwa, da safe na fita na gwada a kan wani tsidau da ya shimfiɗu ya fi faɗin faranti, na tattara rassansa gefe da ƙafa na nemo cibiyarsa na taka na karkata, sai naji wata ƴar ƙara ɓus, ga saiwar ta fito ɗungurum fara sol doguwa kaman siririn karas har da silin ƙarshenta, duk shimfiɗar ta biyo ta lokaci ɗaya. Wallahi na daɗe ina juya ta a hannu. Kafin rana ta yi zafi na cika bokiti biyu kuma bayana lafiya lau. Toh tun daga nan bana fita da ita sai bayan ruwa, ko na jiƙa wajen da yamma na yi aikin da safe.

Duk tsiron da yake da saiwa ɗaya mai nutsewa, irin tsidau da nonon kurciya, wannan abin ya iya da shi sosai. Sai dai da tsidau a yi hanzari kafin ya yi ƙaya dan ƙayar ita ce ɗauke da irinsa, kuma irin yana iya zama a ƙasa har shekara biyar yana jiran dama, dan haka wanda ya riga ya zubar sai na bi da tsohon bargo ina ja a ƙasa ƙayoyin suna maƙalewa.

Amma fa jiji, ɗan'uwa, kar ka kai sandar wajen jiji. Nan nayi kuskuren da ya fi ci min lokaci. Jiji kaman ciyawa yake a ido amma ba ciyawa bane, in ka murza karansa tsakanin yatsu zakaji kusurwa uku, ganyensa yana sheƙi kuma kwana biyu bayan yanka zakaga ya fi sauran tsawo. A ƙasa yana da ƴaƴa kaman aya da siraran jijiyoyi suka haɗa su kaman sarƙa, wasu suna nutsewa fiye da santimita 20, faratan kuwa basa kai nan. In ka tuge na sama sarƙar ta tsinke, ƴaƴan da suke barci su farka, inda ka cire ɗaya sai kaga uku. Sati uku nayi ina murna kusurwar bayan famfo ta yi fes, wata na zagayowa ta fi da cika. Daga baya na gane abu biyu, na farko jiji yana son inda ruwa ke kwanciya kuma famfon wajen yana ɗiga dare da rana, sai da na gyara shi abin ya fara lafawa, na biyu in za'a cire shi da hannu to tun yana ƙarami kafin ya kai ganye biyar ko shida, kafin ya fara ajiye sabbin ƴaƴa, kuma a dinga maimaitawa duk sati biyu har na ƙasan su gaji. Inda ya yi yawa sai dai a haƙa da cebur a tsince, ko a nemi maganin feshi da aka yi dominsa mai sinadarin halosulfuron.

Fasa ƙaba ma bata dace da sandar ba, jikinta ruwa ne tana kakkaryewa kuma duk guntun da ya faɗi a ƙasa mai laima zai iya yin saiwa, gara hannu da bokiti. Harƙiya in ta yi tushe ɗaya tana fita, in ta bazu kuwa ɓata lokaci ne.

Sai maganar ramuka, wadda ba a faɗa a jikin kwalin. Duk tugewa ɗaya tana barin rami kaman bakin ƙaramin kofi, in ka cire ɗari to ramuka ɗari kenan, kuma ƙasa tsirara ita ce abin da irin ciyayin banza yake nema, haske ya taɓa shi ya tsiro. Da farko na barsu haka sai ga harƙiya ta cike su. Yanzu ina yawo da ƙaramin bokiti na ƙasa da ruɓaɓɓen taki da na cakuɗa da irin ciyawar ado, ina cirewa ina zubawa ina dannawa da dunduniya. Wannan ƙaramin abu ya canza filin fiye da yadda na zata.

Ta fannin ƙarfi kuwa, faratan basu lanƙwashe ba har yau duk da sun ci karo da duwatsu, amma wajen takawar roba ce kuma ina jin tana lotsawa in ƙasa ta yi tauri, bana sake mata nauyina duka. Laka tana toshe tsakanin faratan mariƙin ya ƙi turuwa sai ka tsaya ka wanke. Mutum mai tsayi sosai kuma zai ɗan duƙa, da sun ƙara mata ko tafin hannu ɗaya da ya fi.

Wasu zasu ce me yasa ban yi feshi kawai na huta ba. Nayi, a gefe ɗaya da masu faɗin ganye suka yi yawan da ba zan iya bi ɗaya bayan ɗaya ba. Na yi amfani da mai 2,4-D, maganin da ake aiki da shi tun shekarun 1940, yana kwaikwayon sinadarin girma na tsiro ne ya sa mai faɗin ganye ya yi ta girma ba tsari har ya murɗe ya mutu, ciyawa mai siririn ganye kuma ya barta. Cikin kwana uku naga sun fara murɗewa, mutuwar kuma sai da ta ɗau sati biyu zuwa uku. Amma yana da sharuɗɗa, ba a fesawa da iska dan zai kai ga furanni da kayan lambu har na maƙwabci, ba a fesawa in zafi ya kai wajen digiri 30, ba a yanka ciyawa kwana biyu kafin da bayan, kuma sai ka jira sati uku zuwa huɗu kafin ka watsa sabon iri a wajen. Ba kowace ciyawar ado ce ke jure shi ba ma, dan Allah a karanta takardar jikin kwalbar. Mai gilaifoset kuma daban ne, shi duk koren da ya taɓa kashewa yake har da wadda kake so. Da sandar babu jiran komai, ina cirewa ina shukawa, yara suna wasa a gefe.

Gaskiyar da zan faɗa dai, sandar ta cire min ciyayi amma ba ita ta hana su dawowa ba. Abin da ya hana su shine ciyawar adon da ta yi kauri. Na ɗaga wuƙar injin yanka zuwa wajen santimita 7, na daina aske ta ƙasa-ƙasa, bana cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka ɗaya, ko wancan gefen da ya kai gwiwa a hankali na sauko da shi cikin sati uku. Ban ruwa na koma yi sosai sau ɗaya ko biyu a sati da sassafe, kimanin santimita biyu da rabi gaba ɗaya, ina ajiye gwangwani a fili ina aunawa, maimakon yayyafin kullum da ke sa saiwa ta tsaya a sama. Inda ƙasa ta yi tauri har sukudireba baya shiga na bi da cebur mai yatsu na huhhuda kafin na watsa iri. Da ciyawar ta rufe ƙasa ta yi inuwa, harƙiya da kanta ta ragu.

In zan bata maki zan bata huɗu cikin biyar, kuma in ta karye gobe zan sake sayen irinta. Wanda filinsa ƙarami ne ko matsakaici kuma masu saiwa ɗaya ne suka dame shi, ko yake da ciwon baya ko gwiwa, ya saya ba zai yi nadama ba. Wanda jiji ne matsalarsa ko ƙasarsa tsakuwa ce zalla ya bar ta. Ni yanzu minti goma ya ishe ni duk bayan ruwa, na zagaya na tuge ƴan waɗanda suka leƙo na cike ramukan na wanke faratan na rataye ta, kusurwar bayan famfo ce kawai har yanzu nake bi da hannu duk sati biyu.