Gargaɗi Ga Masu Sayen Baka Ta Intanet: Ƙaryar "Ya Dace Da Kowa"

Jama'a, a kula da masu tallan bakan zamani a Facebook da WhatsApp da ke cewa bakansu "ya dace da babba da yaro, dogo da gajere". Da yawansu sun san cewa kowane maharbi yana da tsawon jansa, sai dai suna so su sauke kayan da ya yi musu kwantai a kan wanda bai sani ba. Sai an tura kuɗi, kaya ya iso tasha, sannan mai saye ya gane bakan ba nasa ba ne, a lokacin kuma lambar mai tallan ta daina shiga.

Tsawon ja shi ne nisan da kake jan tsirkiya daga mariƙi zuwa inda hannunka ke tsayawa a fuska. Bakan gargajiya na maharbanmu ba ruwansa da wannan, ka ja shi iya hannunka ka saki. Amma bakan kamfawun, wato mai tayoyi a bakunansa biyu, yana da bango: idan an saita shi a inci 29, to a nan zai tsaya cak, ko hannunka ya kai ko bai kai ba.

Auna kanka abu ne na minti biyu. Ka jingina da bango, ka buɗe hannuwa a miƙe ba tare da ka yi miƙa ba, wani ya auna da tef daga kan yatsan tsakiya na dama zuwa na hagu. Ka raba abin da aka samu da 2.5. Wanda faɗinsa ya kai santimita 170, wato kusan inci 67, tsawon jansa zai faɗo wajen inci 27. Wannan mafari ne kawai, ana iya ƙara ko rage rabin inci bayan an gwada da baka a hannu. A ma'aunin masu ƙera baka na Amurka, ana auna daga tsirkiya zuwa kwarmin mariƙi sannan a ƙara inci 1.75. Wanda ke sayar da baka amma bai san wannan ƙarin ba, ko ya ƙi tambayarka ma'auninka, ka riƙe kuɗinka.

Yanzu ka ɗauki mai inci 27 ɗin nan a ba shi bakan da aka kulle a 30. Kafin ya kai bango sai ya miƙe gwiwar hannun hagu ƙam, ya karkata baya, ya miƙa wuya yana neman tsirkiya. Yana saki tsirkiyar ta zabge shi a damtse, wani lokaci har ta ɗaye fata. Kafaɗa ma ba ta tsira, ga kibiya kuma kowacce da inda take nufa. Idan jan ya yi gajere matsalar ta fi sauƙi amma tana nan: hannu a takure, ba wurin tsayawa ɗaya a fuska.

Idan ka koma da ƙorafi, in ma an amsa, amsar ita ce "ai ana daidaitawa". Gaskiya ne akwai bakunan da ake daidaitawa sosai. Diamond Infinite Edge Pro yana tafiya daga inci 13 zuwa 31, Genesis kuma an yi shi ne ba bango, don 'yan makaranta su yi karɓa-karɓa da shi. Amma wasu bakunan sai an canja wani ɗan ƙarfe da ke kan tayar, wanda ake kira modul, wasu kuma sai an cire tayar gaba ɗaya, aikin da ke buƙatar na'urar matse baka. A nan zamba ta biyu take: a karɓi kuɗin modul, a ce yana hanya daga Chaina, alhali bakan ba shi da sunan kamfani balle kayan gyara, ko kuma an daɗe da daina ƙera shi.

Akwai kuma wasa da lambobi. Gudun da ake rubutawa a talla, misali ƙafa 320 a daƙiƙa, ana auna shi ne da ja na inci 30, nauyin laba 70, da kibiya mara nauyi sosai. Kowane inci ɗaya da ka rage, gudun na sauka da kusan ƙafa 10. Wannan ba laifin baka ba ne, amma mayaudari na fakewa da shi ya ce ka ɗauki mai dogon ja "don ya fi ƙarfi". A bakan rikaf, mai lanƙwasassun fikafikai (wato sassan bakan na sama da na ƙasa da ake ɗaura tsirkiya a kansu), nauyin da aka rubuta na inci 28 ne. Bakan laba 30 zai zama kusan 26 a hannun mai inci 26, ya haura zuwa wajen 34 a hannun mai inci 30, kusan laba biyu kenan a kowane inci.

Abin da ya fi haɗari shi ne kibiyoyin "kyauta" da ake haɗawa da kaya. Sau da yawa an riga an yanke su a tsawo ɗaya. Kibiyar da ta gaza tsawon janka za ta zame daga mazauninta a daidai lokacin da ka cika ja, kuma abin da ke gaban tsininta shi ne bayan hannunka. Mai koyo ya nemi kibiyar da ta ɗara tsawon jansa da inci ɗaya ko biyu. Kuma kada ka yarda wani ya "gwada maka" baka ta hanyar ja da saki ba kibiya. Duk ƙarfin da ya kamata ya bi kibiya sai ya koma cikin fikafikai da tayoyi, abin da ke tsaga su ko tsinka tsirkiya. Bakan hannu da aka taɓa yi wa haka na iya zuwa da tsaga siririya da fenti ya rufe.

Kafin ka tura ko sisi, ka nemi hoton takardar da ke manne a fiffiken ƙasa, inda ake rubuta tsawon ja da nauyi da tsawon tsirkiya. Takarda ana iya sauya ta, saboda haka ka nemi hoton tayar kusa-kusa, a ga lamba ko harafin da ƙusar modul take kai, ka gwada da jadawalin da ke littafin kamfanin a shafinsu. Ka ce a yi maka kiran bidiyo, a ja bakan da kibiyar da aka yi wa alamar inci. Idan kana gari ɗaya da mai kayan, ka je da tef ɗinka, ka bi fikafikan da ɗan auduga: duk inda ta maƙale akwai tsaga. Wanda ya ce sai ka biya rabi kafin ya nuna maka waɗannan, ka bar shi da bakansa.